Yadda Za Ka Nuna wa Yaron da Bai Taɓa Ganin Teku Ba Abin da Ke Kifar da Jirgin Yaƙi Mai Tafiya da Iska

Na daɗe ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma duk shekara idan muka iso darasin abin da ke sa wani abu ya tsaya a kan ruwa wani kuma ya nutse, nakan ga hankalin yara ya bar ajin. Ba na ganin laifinsu, domin ruwan da mafi yawansu suka sani shi ne na rijiya da na famfo da na kududdufin unguwa, kuma wanda ya yi nisa a cikinsu shi ne wanda aka taɓa kaiwa dam ɗin Ajiwa ko na Jibiya. Abin da ya gyara mini wannan darasi shi ne labarin ƙananan jiragen yaƙi na zamanin da, waɗanda ba su da inji sai iska, da yadda guguwa takan kifar da su cikin ɗan lokacin da bai isa mutum ya gama alwala ba. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwana malamai, da kuma iyayen da ke son zama da 'ya'yansu a tsakar gida su gwada, saboda kayan aikin duka suna cikin gida, kuma abin da yaro zai ɗauka daga ciki zai iya yi masa amfani ranar da ya tsinci kansa a cikin kwalekwale.

Kafin komai ka daidaita sunayen abubuwa, domin idan suna ya rikice darasin ya rikice. Babban ƙyallen nan mai kauri da iska ke turawa, wasu masu fassara suna kiransa filafilai, amma da zarar ka faɗi haka a ajinmu yara za su tuna da fanka, ko kuma da manyan injinan iska da aka kakkafa a Lambar Rimi. Ni nakan ce zanen iska, kuma ban taɓa samun yaron da ya kasa ganewa ba. Dogon itacen da ake ɗaura zanen a jikinsa nakan kira shi jigo, domin duk yaron da ya taɓa shiga lambu ya ga jigon ban ruwa, ya kuma ga yadda ɗan ƙarfi kaɗan a ƙarshen doguwar sanda yake ɗaga guga cike da ruwa. Duwatsu da ƙarafan da ake jibgewa a can ƙasan jirgi don su riƙe shi a tsaye su ne nauyin gindi. Saman jirgi inda mutane ke tafiya shi ne doro, ƙofofin da bakin igwa ke leƙowa ta cikinsu kuma tagogin igwa. Waɗannan biyar sun isa, kada ka ƙara.

Fara da labari, kuma ka fara da tafki

Kada ka fara da teku. Yaron Katsina ba shi da ma'aunin da zai auna teku da shi, amma ya san dam, kuma tafki babban dam ne wanda Allah ya yi. Saboda haka nake farawa da tafkin Ontariyo, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada. Faɗinsa a inda ya fi faɗi kimanin kilomita 85 ne, wato kusan tafiyar Katsina zuwa Daura, tsawonsa kuwa ya haura kilomita 300, ya kusa tafiyar Katsina zuwa Kano da dawowa. Idan ka faɗi haka za ka ji ajin ya yi tsit, domin yanzu sun sami abin kwatantawa.

A yaƙin da aka fara a 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya, kowane ɓangare ya yi gaggawar tara jiragen yaƙi a wannan tafki, kuma da yake ƙera sabon jirgi yana cin lokaci, sai Amurkawa suka ɗauki jiragen 'yan kasuwa suka ɗora musu igwa. Biyu daga cikinsu su ne Hamilton da Scourge. Na farkon sunansa Diana lokacin da yake dakon kaya, na biyun kuma Lord Nelson, jirgin wani ɗan kasuwa ne na ɓangaren Kanada wanda Amurkawa suka ƙwace. An ƙera su ne don su ɗauki kaya a cikin cikinsu, can ƙasa, inda nauyi ke ƙara wa jirgi zama. Da aka mayar da su na yaƙi sai cikin ya zama kusan fanko, nauyin ya koma bisa doro, igwa kusan goma a kan kowane ɗaya, ga akwatunan harsashi a gefensu. Scourge bai kai mita 20 a tsawo ba. A nan nakan fitar da yara fili, mu auna mita 18 da igiya, mu zana siffar jirgin a ƙasa da sanda, faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon, sannan in sa yara talatin su shiga cikin zanen su zauna. Daga nan babu wanda zai sake tambayarka abin da ake nufi da ƙaramin jirgi.

Daren 7 ga Agusta 1813 rundunar Amurka a ƙarƙashin Isaac Chauncey tana kusa da ta Birtaniya, ana jiran gari ya waye a gwabza. Iska ta ɗauke ɗif, ruwa ya kwanta, zannuwan iska suna rataye a buɗe don kada a rasa ko ɗan motsin iskar da zai zo, sojoji kuma sun kwanta barci a gefen igwoginsu. Can wajen ƙarfe biyu na dare, wato an shiga 8 ga wata, hadari ya taso da tsawa da walƙiya, iska mai ƙarfi ta bugi zannuwan a lokaci ɗaya, jiragen biyu suka kwanta a kan gefensu. Wani matuƙi mai suna Ned Myers, wanda ya tsira daga Scourge, ya ba da labarin yadda igwa da harsasai da mutane suka gangara gefen da ya nutse, abin da ya ƙara danne jirgin. Shi kansa ya faɗa ruwa ne, Allah ya sa ya ci karo da ƙaramin kwalekwalen da jirgin ke ja a bayansa, ya hau, ya tsamo wasu. Mutum fiye da 50 suka rasu a daren, waɗanda suka tsira ba su kai 20 ba. Sauran jiragen rundunar, waɗanda wannan hadari bai tsallake su ba, sun wayi gari a kan ruwa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ƙofar darasin, don haka ka tsaya a kanta. Tambayi yara: iska ɗaya, dare ɗaya, tafki ɗaya, me ya sa waɗannan biyu suka tafi sauran suka rage? Kada ka ba su amsa. Ka bar tambayar a kan allo, ka ce a kawo baho.

Haɗa jirgin gwaji

Karon farko da na gwada wannan na yi amfani da gwangwanin kifi, aikin kuma bai yi ba, domin gwangwanin yana da faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi, duk yadda aka yi masa fifita sai dai ya zame ya tafi bakin baho. Abin da ya dace shi ne gorar ruwa ta roba, mai lita ɗaya da rabi. Ka bar murfinta a rufe, ka kwantar da ita, ka yanke kimanin kashi ɗaya cikin uku na samanta a tsawo da reza, sai ta zama kamar kwalekwale mai zagayayyen gindi. Yankan nan aikin malam ne, kada a ba yaro reza. Ka manna ɗan curin yumɓu a tsakiyar gindin daga ciki, ka soka tsinken tsire a cikinsa ya zama jigo, ka yanko takarda mai kauri kamar faɗin tafin hannu ka soke ta a tsinken ta zama zanen iska. Ka yanko kwali wanda zai zauna a bakin gorar ya zama doro, da huda a tsakiya inda tsinken zai wuce. Ka nemi noti shida ko takwas a wurin mai gyaran babur, masu nauyi ɗaya. Daga ƙarshe ka ɗora gorar a ruwa da notin a cikinta, ka ga inda ruwa ya tsaya a jikinta, ka ɗauko ƙusa mai zafi ka huda ƙofofi uku a kowane gefe, kimanin faɗin yatsa ɗaya sama da wannan layi, sannan ka rufe su da salatif. Su ne tagogin igwa.

Akwai wata dabara wadda idan ka manta da ita gwajin zai ba ka kunya. Jirgin gaske yana da dogon gindi a cikin ruwa wanda ke hana shi zamewa gefe, shi ya sa idan iska ta buge shi daga gefe yake karkata. Gorarka ba ta da wannan, don haka ka ɗaura zare a wuyanta da kuma ƙarshenta, ka ba yara biyu su riƙe daga ɓangarori biyu na bahon, a sassauce, daidai da fuskar ruwa. Zaren zai hana ta gudu, amma ba zai hana ta karkata ba.

Gwaji na farko shi ne a zuba dukkan notin a gindi, a manne su a yumɓun don kada su yi yawo. Ka sa yaro ya tura kan jigon da yatsa har gorar ta karkata sosai, sannan ya saki. Za ta miƙe da kanta. A maimaita sau uku, kowa ya gani. Bayanin da za ka yi gajere ne: nauyi yana ja ƙasa, ruwa yana turawa sama, kuma muddin nauyin yana can ƙasa, duk lokacin da jirgi ya karkata waɗannan biyu suna haɗuwa su mayar da shi tsaye.

Gwaji na biyu shi ne zuciyar darasin, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Ka ciro notin daga gindi, ka bar biyu kawai, ka jera sauran a bisa kwalin. Ka ja hankalin yara cewa ba a ƙara ko noti ɗaya ba, nauyin jirgin yana nan yadda yake, wurin zamansa kawai aka sauya. Yanzu a sake turawa da yatsa. Gorar za ta yi jinkirin miƙewa, ta yi ta rangaji kamar mai jin jiri, kuma idan aka ƙara tura ta kaɗan notin za su zame gefe ɗaya su tafi da ita gaba ɗaya. A wata shekara, daidai lokacin da notin suka zube cikin baho, wani yaro daga bayan aji ya ɗaga murya ya ce, “Malam, ai irin motar da ke dawowa daga kasuwar Mai'aduwa ce, an yi mata lodi har sama, in ta zo kwana sai kowa ya riƙe numfashi.” Na ce masa ya zo gaba ya maimaita, domin ya riga ni kammala bayanin. Abin da aka yi wa Hamilton da Scourge ke nan tun kafin hadari ya haɗu: an ɗauke kaya daga cikinsu, an ɗora ƙarfe a kansu.

Iska da lissafinta

Sai a zo kan iska, kuma a nan ɗan Katsina ya fi ɗan bakin teku da yawa sanin abin da ake magana a kai, ko da bai san ya sani ba. Tambaye su yadda hadarin farkon damina yake zuwa. Za su gaya maka cewa gari yakan yi zafi ya yi cik, ko ganye ba ya motsi, sai gabas ta yi baƙi, sai a ji wata iska mai sanyi ta shafi fuska, kafin a gama kwashe shanya jar ƙura ta rufe gari, kwanon rufi ya fara tashi, sannan ruwa ya biyo baya. Wannan iska da ke riga ruwa isowa sanyayyar iska ce da ke faɗowa daga cikin gajimaren hadari, ta daki ƙasa, ta bazu gaba da ƙarfi. Irinta ce ta sami jiragen nan biyu, kuma shirun da ya gabace ta shi ne ya sa aka bar zannuwa a buɗe. Alƙur'ani mai girma ya siffanta wannan hali a aya ta 22 ta Suratu Yunus, inda jirage ke tafiya da mutane da iska mai daɗi suna murna da ita, sai iska mai ƙarfi ta zo, taguwar ruwa ta taso musu ta kowane gefe. Yaran da suka yi nisa a Islamiyya sukan karanto ayar da kansu.

Ka rubuta wannan ƙa'ida a allo: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura zane da shi yakan ninka sau huɗu, idan ya ninka sau uku kuma ƙarfin ya ninka sau tara. Iskar da ke gudun kilomita 20 a awa, wadda matuƙi ke jin daɗinta, idan ta koma kilomita 60 cikin minti ɗaya, zanen da yake ɗauke da nauyin buhu ɗaya ya koma ɗauke da nauyin buhu tara. Sannan wannan turi a can saman jigo yake, kuma sun riga sun san daga jigon lambu abin da doguwar sanda ke yi wa ƙaramin ƙarfi. Gwaji na uku shi ne a mayar da notin bisa kwali, a ba yarinya ɗaya faifai ta yi fifita a hankali daga gefe, jirgin zai ɗan karkata ya zauna a haka. Sai ta yi bugu ɗaya mai ƙarfi. Bayan an tsamo jirgin an zubar da ruwan, a naɗe takardar ta koma rabi, a sake yin wannan bugu da ƙarfi iri ɗaya. Galibi zai tsaya.

Wani zai tambaya, to me ya hana su naɗe zanen? Amsar ita ce lokaci. Zanen jirgin gaske yana da nauyi, rage shi yana bukatar mutane da yawa a farke, wasu su ja igiya wasu su hau sama, aikin mintoci ne ko da rana tsaka. Idan iska ta riga ta iso, abin da ya rage shi ne a saki igiyoyin da ke riƙe da zanen don iskar ta zube, a kuma juya kan jirgin, kuma ko wannan yana son mutum a tsaye kusa da igiyar, a kan doron da bai riga ya zama gangare ba. Gwanintar kyaftin a wancan zamani tana ga rage zane tun hadari yana nesa, ko da hakan zai rage masa gudu, kamar yadda uwar gida mai lura take kwashe shanyar hatsi tun gabas ta fara sauya launi.

Tagogin da aka bari a buɗe

Gwaji na huɗu yana da nasa labarin. Jirgin sojan ruwan Birtaniya mai suna Eurydice, wanda aka ƙera a 1843 da igwa 26, an mayar da shi jirgin horar da matasan sojoji. Ya taso daga tsibirin Bamuda a farkon Maris 1878 ya ƙetare tekun Atilantika lafiya, ranar Lahadi 24 ga wata da yamma yana gab da isa gida, yana wucewa ta gefen tsibirin Wayit a kudancin Ingila, zannuwansa duka a buɗe, tagogin igwa kuma a buɗe don iska ta shiga wa mutanen da ke ciki. Guguwa mai ɗauke da dusar ƙanƙara ta fito daga bayan tuddan tsibirin, inda tudu ya kare ta daga idon masu jirgin har ta iso. Jirgin ya karkata, tagogin gefen da ya yi ƙasa suka shiga ruwa, ya nutse cikin 'yan mintoci. Mutum fiye da 300 ne a ciki, biyu kacal suka rayu. Da yawa sun fita daga jirgin da rai, sanyin ruwan ne ya kashe su kafin taimako ya zo, sanyin da ruwan randa na asubahin hunturu bai kama ƙafarsa ba.

A mayar da notin gindi, wato a ba jirgin duk zaman da yake bukata, sannan a ɓare salatif. A yi fifita mai matsakaicin ƙarfi, irin wadda ɗazu bai damu da ita ba. Da zarar hudojin sun taɓa ruwa za a ga ruwa yana tsiyaya ciki, jirgin ya ƙara nutsawa, hudojin su ƙara yin ƙasa, ruwan ya ƙara sauri, har ya tafi. Don su ji girman abin a jirgin gaske, ka yi musu lissafi da jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, jarka 40 tan ɗaya ke nan. Taga mai rabin mita a tsawo da rabin mita a faɗi, idan ta nutse mita ɗaya a ƙarƙashin ruwa, tana shigar da fiye da jarka 20 a kowane sakan, kuma taga ɗaya ke nan daga cikin jerin tagogi. Babu famfon hannu da zai yi tsere da wannan.

Ruwan da ya riga ya shiga yana da wata illa ta daban, kuma 'yan mata ne za su bayyana maka ita fiye da littafi. Tambaye su wanne ya fi wuyar ɗauka a ka, jarka cike a rufe ko faffaɗan daro mai rabin ruwa. Za su ce daro, domin da ka ɗan karkata ruwan duka ya ruga gefe ɗaya ya ja ka, shi ya sa ake jefa ganye ko ƙoƙo a kai don ya rage tangaɗi. Haka ruwa ke yi a cikin jirgi, yana bin gefen da ya yi ƙasa ya hana shi miƙewa. A zuba ruwa cokali biyar a cikin gorar a tura ta da yatsa, za su ga bambancin nan take.

Idan lokaci ya rage, nakan ƙara labarin Niobe, jirgin horar da sojojin ruwan Jamus, wanda guguwa ta kifar a tekun Baltik ranar 26 ga Yuli 1932. Rana ce mai zafi, an buɗe ƙofofi da tagogi, kuma ɗalibai da yawa suna cikin jirgin a ƙasa suna ɗaukar darasi lokacin da ya kife. Mutum 69 suka rasu, aka ceto 40. Ban taɓa ba da wannan labari ba tare da na ji nauyinsa ba, domin ɗalibai ne a gaban malaminsu, kamar waɗanda ke zaune a gabana.

Kada yara su tashi da tunanin cewa duk ƙaramin jirgi makabarta ne. Birtaniya ta ƙera wasu ƙananan jirage fiye da ɗari, masu igwa goma-goma, a kan tsari ɗaya, matuƙa suna yi musu laƙabi da akwatin gawa saboda yawan waɗanda suka ɓace a teku. Wani jirgi mai suna Beagle ɗaya ne daga cikinsu, tsawonsa kimanin mita 27. Kafin ya fita doguwar tafiyarsa a 1831, kyaftinsa Robert FitzRoy ya sa an ɗaga doronsa da santimita 20 zuwa 30 don ruwa ya rage hawa kansa, ya kuma riƙa bin ma'aunin nauyin iska, na'urar da ke nuna alamar zuwan hadari, sau da ƙafa, jirgin ya zagaya duniya ya dawo a 1836. Wannan mutum ne daga baya ya shugabanci ofishin nazarin yanayi na ƙasarsa, ya fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861. Hasashen yanayin da hukumar NiMet ke fitarwa a yau, wanda ake karantawa a rediyo, jikan wannan aiki ne.

Tambayar da ba ta taɓa rasa zuwa ba

A kowace shekara akwai wanda zai ce, “Malam, ai kwanansu ne ya ƙare.” Kada ka yi masa gardama, domin gaskiya ya faɗa, babu ran da zai wuce ajalinsa. Abin da nakan yi shi ne in tuna masa hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. Sai in tambaye shi, a cikin labaran nan, ina igiyar raƙumar take? Yaran da kansu za su lissafo: nauyin da aka ɗora a sama, zanen da ba a rage ba, tagar da ba a rufe ba, da idon da bai duba sararin sama ba.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa gida. Muna da Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke, kuma yaranmu suna shiga kwalekwale, musamman lokacin bukukuwan Sallah da ake zuwa yawon buɗe ido. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, inda jirgin da aka cika fiye da kima ya kife da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Kwalekwale ba shi da zanen iska, amma sauran abubuwan duka suna nan. Mutumin da ya miƙe tsaye a cikinsa noti ne da aka ɗora a bisa kwali, kuma idan mutane suka ruga gefe ɗaya don tsoro ko don kallo sun yi abin da igwogin Scourge suka yi. Idan an yi lodi har bakin kwalekwalen ya rage yatsu kaɗan ya taɓa ruwa, bakin nan gaba ɗaya ya zama buɗaɗɗiyar taga. Ruwan da ke kwance a gindinsa a kwashe shi kafin a tashi. Ka gaya musu su sa rigar kariya idan akwai, su nemi a ba su idan ba a ba su ba, kada su shiga bayan faɗuwar rana, kuma idan gabas ta yi baƙi su haƙura su jira a tudu ko da an riga an biya kuɗin fito. Ka koya musu su iya cewa “Baba, a yi haƙuri, zan jira na gaba” cikin ladabi, domin kunyar fita daga jirgin da ya cika ita ce takan zaunar da yaro a inda bai kamata ba. Addu'ar hawa, wadda ke aya ta 41 ta Suratu Hud, yawancinsu sun haddace ta, sai ka sa su karanta tare.

Nakan ajiye ƙarshen labarin tafkin Ontariyo sai an gama kwashe kaya. A shekarun 1970 masu bincike suka gano Hamilton da Scourge da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ruwa da sauti, a zurfin kusan mita 90, wato kamar a ɗora hasumiyar Gobarau shida a kan juna. Suna zaune a kan gindinsu, jigon kowanne a tsaye, sanyin ruwan da duhunsa sun adana katakon, kuma an bar su a wurin a matsayin makwancin waɗanda suka rasu.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan darasi shi ne watan Mayu ko Yuni, sa'ad da hadarin farko ke zuwa. Aikin gida da nake bayarwa shi ne kowane yaro ya zauna a ƙofar ɗaki, a inda kwano ko reshe ba zai same shi ba, ranar da hadari ya haɗu, ya duba agogo lokacin da ya fara jin sanyin iska a fuskarsa, ya sake dubawa lokacin da ƙura ta rufe tsakar gida, ya rubuto mini mintocin da ke tsakani. Washegari mukan jera lambobin a allo, sannan in sa yara huɗu su kwance babbar tabarma da aka ɗaure a jikin bishiya da igiya ta kusurwa huɗu, su naɗe ta su ɗaure, wani yana riƙe da agogo, mu rubuta nasu lokacin a gefen na hadarin.